Jimlar da Dogo Ya Kasa Karantawa

"Malam Dogo, ko za ka karanto mana tambayar da ke jikin allo?"

Jan Biro ta daina rubutun da take yi.

Ta ɗaga kai ta dubi Mai Kwat, wanda ya yi maganar. Yana zaune gefen Shugaba yana wasa da makullin motarsa, da wani ɗan murmushi irin na wanda ya ɗana tarko ya koma gefe.

Taron tantance tambayoyin jarrabawar Turanci suke yi a ɗakin taro na sama, na'ura tana haska tambayoyin a allo ɗaya bayan ɗaya. Jiya da rana ta karanta wa Dogo su duka a jere har ya haddace. Amma wadda ke allon yanzu ba ita ya kamata ta zo a nan ba. An canza jerin!

Dogo ya gyara zaman tabaransa, ya fuskanci allon, ya fara karatu da muryar nan tasa mai sanyi, ba gargada ko ɗaya.

Sai dai wata tambayar daban yake karantawa.

Mutanen ɗakin suka fara kallon juna.

"Malam..." in ji Shugaba a hankali. "Ba ita ce a allon ba."

"Ranka ya daɗe, ai ba ya ganin allon ne," Mai Kwat ya karɓe. "An daɗe ana rufa-rufa. Ga mai yi masa aikin nan a zaune, a tambaye ta."

"Ƙarya kake yi!" Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Zauna, Jan Biro." Dogo ya cire tabaran ya ajiye a kan tebur. "Gaskiya ya faɗa."

Shi ya raɗa mata sunan nan. Lokacin da ta zo ofishin tana sabuwa, ba abin da ta iya sai jan layi da jan biro a ƙarƙashin kuskure. Shi kuwa a lokacin ba wanda ya kai shi ido. Ranar farko ya tura mata takarda da jimla ɗaya: "Running to the station, his cap fell off."

"Me kika gani?"

"Ban ga komai ba, Malam. Mutum na gudu zuwa tasha, hularsa ta faɗi."

"Ina mutumin a cikin jimlar?"

Ta duba, ta sake dubawa. Babu shi.

"To kin gani. A Turanci, in jimla ta buɗe da aiki ba a faɗi mai yinsa ba, sunan da ya biyo baya shi ke ɗaukar aikin. Hular nan ita ce ta ari ta kare zuwa tasha!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Mu a nan muna ce masa mai reto," ya ce. "Ki samo mai gudun ki ajiye shi a gurbinsa, shi ke nan. In kika bar irinsa ya fita, yaron da ya yi karatu ne zai faɗi a banza."

Daga gyaran jimla aka koma raka ta bakin titi. Daga nan aka koma waya. Kafin shekara ta zagayo, magabatansa sun je sun gaisa da nata. Mai Kwat, wanda ya riga shi furta mata so ta ba shi haƙuri, ya zo har teburinta ya yi mata murna, haƙora a waje.

Sai ciwon idon Dogo ya fara. Da farko gefe-gefe ne ke ɓace masa, yana cin karo da kujeru yana mai da abin wasa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma sai dai a yi ta lallaɓa shi.

Dogo ya ce, "Kada ki gaya wa kowa, abar ƙaunata. Ki bari in san yadda zan yi."

Ba ta gaya wa kowa ba. Ita ta zama idonsa. Lokacin hutun rana sai ta ja ƙofar ofishinsa, ta karanta masa, shi kuma ya kamo kuskuren da kunne tun kafin ta kai ƙarshen jimla, ta rubuta gyaran. Aikin nasa ne, hannu da ido ne kawai nata. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan?

Bayan taron, Shugaba ya kira Dogo ciki. Da ya fito, ya ce an ba shi hutu har sai yadda hali ya yi. Dukansu sun san ma'anar wannan hutun.

Ta isa gida ta tarar labari ya riga ta. Yayanta na tsaye a tsakar gida yana huci.

"Wani abokin aikinku ya tare ni a shago. Ashe makaho kike shirin kawo mana?"

"Yaya, ba makaho ba ne! Yana gani..."

"Yau yana gani. Gobe fa?"

Ta wuce shi ta faɗa ɗakin Mama, ta zube a ƙafafunta.

"Mama, ki sa baki... Wallahi ina son sa. Ko ba ido, shi ne dai."

Mama ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta daɗe tana shafa kan 'yar tata kafin ta yi magana.

"Auta, kin ga jinyar da na yi wa babanku. Kina ƙarama, amma kin gani. Na so shi, ban taɓa yi masa tsaki ba. Amma akwai ranar da na shiga banɗaki na toshe bakina na yi kuka, ina roƙon Allah Ya kawo ƙarshen abin ko ta wace hanya. Har yau ban yafe wa kaina wannan addu'ar ba."

"Mama, shi ba kwance yake ba..."

"Na sani. Ban ce shi mugu ba ne, yaron kirki ne. Amma ni dai ba da bakina ba. Ba zan iya kallon ki a hanyar da na bi ba."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta daina cin abin kirki. A ofis aka ba Mai Kwat teburin Dogo, ita kuma aka ce ta ci gaba da tace masa tambayoyi. Kullum sai ya leƙo.

"Ni fa taimakon ki na yi. Wata rana za ki gode min."

Ba ta taɓa ɗaga kai ta dube shi ba.

Tana kiran Dogo, ba ya ɗauka. Ta je gidansu, yayarsa ta fito ta ce yana barci, idanunta jajur. Ta koma, aka sake cewa yana barci.

Sai wata rana da hantsi, tana wanki, aka ce ana sallama da ita.

Dogo ne tsaye a ƙofar gida cikin farar riga. Can gefe yayarsa ce a cikin mota, an ɗaure jakunkuna a sama.

"Malamina!" Ta ruga, hannunta duk kumfa. "Me na yi maka? Me ya sa ka guje ni?"

"Ba ki yi min komai ba, abar ƙaunata. Zan koma garin da yayata take aure da zama. Akwai makarantar da ake koyon karatu da yatsa a can."

"To mu tafi tare! Zan jira Mama ta huce, zan roƙi Yaya, zan..."

"Na aika kawuna ya janye maganarmu."

Ta girgiza kai.

"Ba ka isa ba... Wallahi ba ka isa ba! Wa ya ce maka na gaji?"

"Ba ki gaji ba. Shi ya sa zan tafi yanzu." Ya kawar da kai gefe. "Mama ta zo wurina da kanta. Ba ta zage ni ba, kuka ta yi. Ni ba zan shiga tsakanin ki da mahaifiyarki ba. Kuma ba zan iya zama ina sauraron muryarki kullum, ina neman ranar da za ta canza ba."

"Ba za ta canza ba!"

"Na yarda. Amma ni zan yi ta nema, har in ɓata miki rayuwa da zargi. Na san halina."

Ta durƙusa a wurin. Ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da darajar iyayensa. Ya tsaya kamar an dasa shi.

"Tashi," ya ce. "Alfarma ɗaya na zo nema. Ki matso cikin rana, inda haske yake. Ina so in gan ki sosai tun da sauran."

Ta miƙe ta matso har tana jin numfashinsa.

"Ki yi min murmushi. Shi nake so in tafi da shi."

Ta yi ƙoƙari. Allah Ya sani ta yi. Amma leɓɓanta suka ƙi, fuskarta ta yamutse, hawaye na zuba har wuyanta. Ta cije leɓe don kada sautin ya fito.

Ya ƙura mata ido, ya daɗe. Sai fuskarsa ta washe.

"Yawwa!" ya ce. "Kin ga yadda ya yi miki kyau kuwa? Haka nake so. Na gode, Jan Biro."

A nan ta gane. Ba sauran gani a idonsa.

"Ka gan shi, Malamina?" ta ce, da muryar da ta tattaro da ƙyar.

"Na gan shi sarai."

Yayarsa ta fito ta kama hannunsa. Ya bi ta a hankali yana laluben murfin motar, har ya samu ya shiga.

Ta tsaya a cikin ranar har motar ta sha kwana, kumfar hannunta ta bushe. Daga cikin gida Mama ta kira sunanta sau ɗaya, a hankali, ba ta sake kira ba.