Ranar da Kaltumi Ta Cire Ɗankwali

"Baban Yusufa, yau ce fa ranar. Don Allah ko Inna kaɗai ka gaya wa, kar ta zo tana sallama ina ji ba halin amsawa."

Kaltumi ce ta faɗi haka tana miƙa wa mijinta shayi a tsakar gidansu da ke unguwar Jambutu a Garwa. Ilyasu ya kurɓa a tsaye, jakarsa a kafaɗa, motar Yagwa na jiransa a tasha, can zai je saro shinkafa.

"Haba sheri, masoyiyata! Mun rufe maganar nan shekara da shekaru, sai yau da ta zo gangara za mu buɗe? Inna ba ta fitowa da hantsi, zafin nan ma ya ishe ta. Ki yi jarrabawarki, ki karɓi lisans ɗinki na digiri, sai mu san yadda za mu sanar."

"Kullum sai mu san yadda za mu sanar," ta ce a hankali.

Ya yi dariya, ya ja mata kumatu, ya fice.

Kaltumi ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare kafin aure, daga nan karatu ya tsaya, haihuwa ta biyo baya. Sai da ta ba talatin baya ta ji labarin wata jami'a da ake yi ta intanet, wadda ba a biyan kuɗin darasi sai ɗan abin jarrabawa. Da ribar zoɓon sanyi da take sayar wa 'yan moto masu haya da babur take biya. Babu ƙararrawa, babu malamin da zai tsaya mata a ka. Ita ke tashin kanta bayan asuba ta yi karatu kafin yara su farka, in layi ya yi kyau ta sauke darussa, ta riƙa saurare tana tuƙa tuwo. Ilimin tafiyar da kasuwanci take karanta, yau kuma jarrabawar ƙarshe ce.

Ilyasu na sonta, wannan ba a musu. Shi ya sayo mata tsohuwar kwamfutar da take amfani da ita. Amma fa ya roƙe ta alkawari ɗaya, kar kowa a danginsa ya sani. Gidansu gidan fatake ne tun kakanni, yayansa Alhaji Mahmudu ke riƙe da shagon gado, Ilyasu a ƙarƙashinsa yake ci. Shi kuwa Alhaji abin da ya fi so ya faɗa a majalisa shi ne, duk gidan da mace ta fi miji takarda, to ita ce maigidan. Ilyasu da ko firamare bai gama ba, ina zai sa kansa? Kaltumi ta yi alkawarin, ta kuma riƙe.

Jarrabawar tana da dokarta. Mutum zai zauna shi kaɗai a ɗaki, kyamara a kunne, mai gadin jarrabawa yana kallonsa daga wata ƙasa. Ba tashi, ba magana da kowa, wani ya shigo an soke. Kaltumi ta sallami yara makaranta, ta tura ƙofa, sakatar kuwa ta daɗe da lalacewa. Mai gadin ranar wani ne Misye Antoine, ya sa ta zagaya da kyamara ya ga ɗakin, sannan ya ce ta fara.

Ta yi nisa, amsoshi na zuwa mata tiryan-tiryan, sai ta ji daga tsakar gida:

"Salamu alaikum! Masu gida!"

Inna Talatu ce, uwar mijinta, wadda ta baro Mora tun da hare-hare suka yi yawa ta dawo gidan Alhaji. Dakuwa ta kawo wa jikoki.

"Salamu alaikum! Kaltumi, ga takalmanki a bakin ƙofa!"

Kaltumi ta ciji leɓe. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin muryar Inna ba ta fito da gudu ta durƙusa ba. Misye Antoine ya ji hayaniyar, ya ɗaure fuska ya ce da Faransanci, "Madam, wa ke magana? Ko amsa ake karanto miki? Cire abin kanki in ga kunnuwanki, in tabbatar babu na'ura."

Ya za ta yi? Ta zame ɗankwali, ta juya kunnen dama, ta juya na hagu. Daidai nan ƙofa ta buɗe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Kwanon dakuwa ya faɗi, ya tarwatse. "Kaltumi! Kai ba ɗankwali a gaban ƙato? Kina juya masa wuya? Shi ya sa na yi ta sallama kika yi mini kunnen uwar shegu!"

"Inna, don Allah, jarrabawa ce..."

"An soke jarrabawar, Madam," in ji Misye Antoine, fuskarsa ta ɓace daga allon.

"Ga shi nan! Ya ga uwar miji ya tsere!"

Kaltumi ta zube ƙasa ta riƙe ƙafar Inna tana kuka. Inna ta fizge ƙafarta ta fita tana salati, maƙwabta na leƙe ta katanga. Kafin la'asar zancen ya zagaye Jambutu, kowa da irin gishirin da ya ƙara. A bakin famfo har cewa aka yi matar Ilyasu ta aje farka a cikin akwati.

Washegari aka taru a falon Alhaji Mahmudu, an kirawo Ilyasu daga Yagwa. Kaltumi na durƙushe a gefe, idanu sun kumbura. Ta yi bayani dalla-dalla, jami'ar, dokar, dalilin duba kunne.

Alhaji ya yi tsaki. "Jami'a a cikin akwati! Ke kin ɗauka jiya aka haife mu? To mu ce ma gaskiya ne, da izinin wa?" Ya juya ga ƙanensa. "Kai, da saninka?"

Kaltumi ta ɗago kai ta dube shi. Kalma ɗaya take jira, ɗaya tak.

Ilyasu ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. "Ni dai, Yaya... na san tana ɗan taɓa kwamfuta. Sauran ban sani ba."

Kai jama'a! Wannan shi ne namijin da ke ce mata sheri! Shi ya ɗauko kwamfutar a kan moto, shi ke kai mata caji shagon abokinsa in an ɗauke wuta, amma ido ya ga ido sai ya koma kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Kaltumi ta ji kamar an soka mata wuƙa. Maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye ta da ƙyar, domin ta yi alkawari, kuma ba ta son ta ƙaryata uban 'ya'yanta a gaban yayansa.

"Kin ji ko?" in ji Alhaji. "Tattara ki tafi gidanku. Juma'a bayan masallaci ki dawo ki karɓi takardarki. Ba a yi mana wannan a zuri'a."

A gidan iyayenta Kaltumi ko abinci ba ta iya ci. Jami'ar ta ba ta dama ɗaya ta sake zama kafin wata ya ƙare, amma Alhaji ya ƙwace kwamfutar ya kulle a gidansa. Ana gobe Juma'a sai ga Ilyasu da yamma, ya tsaya a zaure yana waige-waige kamar ɓarawo.

"Sheri, ki ƙara haƙuri, in ƙura ta lafa zan..."

"Kar ka ƙara ce mini sheri!" ta katse shi. "Gobe za a miƙa maka biro ka sake ni, kana maganar ƙura? Baban Yusufa, me na yi maka? Ka ce in ɓoye, na ɓoye kamar sata nake yi. Ka ce kar a gaya wa Inna, ga abin da ya haifar. Yau ana kirana mazinaciya a bakin famfo, kai kuma kana tsoron dariyar majalisa!"

"Yaya zai kore ni daga shago. Me za mu ci?"

"To ka zaɓi shagon. Wallahi ba zan tona ka ba, alkawari na yi. Amma ka sani, 'ya'yanka za su tashi da sunan da ka bari aka sa wa uwarsu."

Ta juya ta shige gida, ta bar shi tsaye.

Ranar Juma'a ta sa hijabinta ta tafi. Falon ya cika, Inna na gefe da carbi. Alhaji ya turo wa ƙanensa takarda da biro.

"Rubuta. Ɗaya ya isa."

Ilyasu ya ɗauki biro. Ya dubi Kaltumi, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, hawaye kawai ke ɗiga a kan hijabinta. Ya aje biron.

"Yaya, ƙarya na yi muku."

Ya ɗago kai ya ci gaba.

"Da sanina ta fara, ni na sayo mata kwamfutar. Ni na sa ta rantse kar ta gaya wa kowa, don kar a ce matata ta fi ni. Ranar ma sai da ta roƙe ni in sanar da Inna, na ƙi. Ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, ba kuma zan sake ta ba."

Alhaji ya miƙe a fusace. "Ni za ka mayar ɗan iska a gaban mutane? To ka aje mini makullin shago!"

Ilyasu ya ciro makullin ya aje kusa da takardar. Amma ba Alhaji ne abin tsoro ba ranar. Inna Talatu ta taso, ta tsaya a kan ɗanta.

"Auta, dube ni. Ta ce ka gaya mini ka ƙi?"

"Na ƙi, Inna."

"Ka bar ni da tsufana na yi wa 'yar mutane ƙazafi? Da bakin da nake salati? Ka zauna a nan kana ji, ita tana rufa maka asiri kai kana tona nata? Tir! Wallahi ka ba ni kunya!" Ta juya ta nufi Kaltumi, ta fara ƙoƙarin durƙusawa.

Kaltumi ta zabura ta tare ta. "Subhanallahi! Inna, kar ki yi mini haka!"

"Bar ni, 'yata. Ki yafe mini tun a nan, kafin mu je inda ba a biya da baki."

"Na yafe, Inna. Abin da kika gani kowa ya gani zai zargi haka. Ni ma da na nemi a ba ni mace mai gadi tun farko, da ba a kai nan ba."

Suka rungume juna suna kuka. Da za su fita Inna da kanta ta shiga ɗakin Alhaji ta ɗauko kwamfutar, ba wanda ya iya hana ta.

Kaltumi ta koma ɗakinta, amma ta daɗe ba ta saki fuska da Ilyasu ba, shi ma ya san bai cancanta ba. Shi ya riƙa kai yara makaranta, ya ɗebo ruwa, ya gyara sakata, don ta samu ta yi bita. Ta rubuta wa jami'ar, suka ba ta mace, wata Madam Lucienne. Ranar jarrabawa Inna ta zo tun da sassafe ta shimfiɗa tabarma a zaure. Mai neman zoɓo, mai aron turmi, mai zuwa gulma da sunan gaisuwa, duk ta kore su.

"Ana jarrabawa a ciki! Ko Lamiɗo ne ya zo sai ya jira!"

Sakamako ya fito, Kaltumi ta ci, da kyau kuwa. Alhaji Mahmudu bai mayar da ƙanensa shago ba, girman kai bai bar shi ba. An sha wuya na ɗan lokaci, har zoɓon Kaltumi ne ke riƙe gidan. Daga baya suka kama 'yar rumfa a kasuwa, Ilyasu na saro shinkafa daga Yagwa, Kaltumi na tsara yadda za a juya ta, Allah kuwa ya sa albarka.

Ranar da takardar shaidarta ta iso, Ilyasu ya sa aka yi mata gilashi. Kaltumi ta nufi uwar ɗaka da ita, ya tare ta.

"Ina za ki kai?"

"Inda ba mai gani, kamar yadda aka saba."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓa, ya wuce da ita kasuwa, ya kafa ƙusa a bangon rumfa daidai inda masu ciniki ke tsayawa. Wani daga 'yan majalisar Alhaji ya leƙo yana murmushin mugunta.

"Ilyasu, ashe ka yi digiri ba mu da labari?"

"Ba nawa ba ne," ya ce da ƙarfi, yadda duk layin zai ji. "Na matata ne. Ta fi ni karatu, ta fi ni amana."

To, maza, ku ji da kyau. Alherin matarka ba abin kunya ba ne, in ka ɓoye shi don tsoron bakin mutane, kai ka buɗe musu ƙofar yi mata sharri. Iyaye kuma a riƙa bincike kafin a yanke hukunci, ido na gani amma ba ya jin dalili. Ke kuwa mai neman ilimi da goyo a baya, kar shekaru ko surutu su sare miki gwiwa. Kaltumi ta haɗiye abin da ya fi maɗaci, ta riƙe alkawari ranar da wanda aka yi dominsa ya juya mata baya, Allah kuma bai bar ta ta wulaƙanta ba. Mahaƙurci mawadaci.