Sunan da Ke Kan Bango

Auta na zaune a falo, mijinta mai zane yana gefenta da kwamfuta a cinya yana gyara bangon littafinta na farko, sai ga Hajiya, uwar mijin, ta faɗo ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Me nake ji? Littafi zai fito babu sunan ɗana a kai?"

Auta ta durƙusa ta gaishe ta. "Hajiya, sunan Babana na sa."

"Baban naki da ƙasa ta rufe? Wa yake ciyar da ke yanzu?"

Ita dai Auta ranar ta tashi da ƙafar hagu. Da safe Baffa ya kira ta, yayan mahaifinta, mashahurin mai sharhi a rediyo, wanda suke amsa sunan gida ɗaya. Cewa ya yi, "Shekara da shekaru ina wanke sunan nan, ba za ki shafa masa janbaki da labarin soyayya ba! Da bazata kike son yin rawa?" Gaba kura, baya sayaki ke nan.

"Hajiya, ki yi haƙuri," Auta ta ce. "Mu huɗu Baba ya bari, duk mata. Ranar da ya rasu a kunnena aka ce sunansa ya mutu. A shagonsa na gyaran takalmi na koyi ba da labari, yana ɗinki yana cewa 'sai kuma aka yi yaya?' Sunansa zan sa, ko sama da ƙasa za su haɗe!"

Hajiya ta juya kan ɗanta. "Kai ne mai zanen. Goge, ka sa naka! In ka ƙi, kada ka sake taka gidana."

Ta fice. Auta ta fashe da kuka.

"Goge mana, me kake jira? Amma wallahi in ka goge, gara littafin ya ruɓe a kwamfuta!"

Mijin ya juya kan kwamfutar. Ya danna sunan, ya ƙara wa haruffan girma.

"Ke na aura, ban sayi sunan ubanki ba. Ki bar ni da Hajiya."

Daga ranar kullum sai ya je ƙofar gidan uwarsa ya tsuguna daga waje, ya ɗaga murya ya gaishe ta. Ba ta amsawa. In maƙwabta sun yi masa dariya sai ya ce, "Ta ce kada in taka gidan, ba ta ce kada in gaishe ta ba." Abin yana cin ransa ƙwarai, har ya rame, amma ko sau ɗaya bai yi wa Auta gori ba.

Da littafin ya fito, Auta ta kai wa Hajiya kwafin farko, ta durƙusa ta karanta mata shafin sadaukarwa: "Ga uwar da ta raini mijin da ya ƙi goge sunan ubana."

Hajiya ta daɗe tana kallon shafin, ta share ido da bakin mayafi.

"Haruffan sun yi ƙanana," ta ce. Sannan ta leƙa waje, ta ga ɗanta. "Kai kuma shigo mana, ka tsuguna kamar baƙo!"

Baffa kuwa yana tsakiyar shirinsa wani mai sauraro ya bugo waya. "Malam, don Allah, kai ne baffan marubuciyar nan?"

Baffa ya yi gyaran murya. "Ni ne. 'Yar ƙanina ce."

Sai ya faɗi sunan ƙanin nasa cikakke, a rediyon da bai taɓa ambaton mai gyaran takalmi ba. Auta da ke sauraro a gida ta rungume littafin tana kuka tana dariya.

To 'yan uwa, tsayawa kan gaskiya ba rashin kunya ba ne in an haɗa da ladabi, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse. Wanda ya ce 'ya mace ba ta raya sunan uba, ya je ya duba bangon littafin Auta.