Gangar Tashi

Lua ba ta nan. Kekenta na jingine a bakin ƙofa, farar doguwar rigarta ta makaranta na rataye a ƙusa, ita ce kawai babu. A aji ta faɗi, a kan teburinta, ana dab da buga gangar tashi, wadda ake sallamar ɗalibai da ita a makarantunmu. Likita ya ce zuciya ce. Ajin ƙarshe take a sakandaren garinmu, kuma ita ce monita.

A ƙofar makarantar nake sayar da shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba, tun Lua tana goye. Ita kaɗai gare ni.

Bayan an binne ta na kafa hotonta a teburin kakanni, inda muke kunna wa mamatanmu turare, kullum ina ajiye mata abinci. Amma turaren tsinke ya ƙi ci a gabanta. In na kunna, sai ya mutu. Na je wurin tsohuwar da ke duba a bayan kasuwa.

"'Yarki ba ta dawo gida ba," in ji ta. "Tana inda ta faɗi. Ɗauki rigarta ki je ki kira ta kafin kwana arba'in da tara su cika. In suka cika tana waje, ta shiga sahun matattu masu yawo da yunwa."

Na je na kira. Na koma na kira. Shiru. Sai da ya rage kwana ɗaya abin ya faɗo mini: Lua ba ta taɓa barin aji ba a buga ganga ba.

Da rana ta kusa faɗuwa na naɗe rigar na nufi makaranta. Jan furen bishiyoyin filin ya zube ko'ina, gyare na ta kuka kamar zai tsaga kunne. Baba Khoan, maigadin da ke buga gangar, yana zaune da butar shayinsa.

"Maman Lua, da yamma haka? In ragowar shinkafar safe kika kawo mini, haƙorana sun daɗe da yin ritaya."

"Baba, gangar tashi nake so ka buga mini."

Ya ajiye kofin.

"Ba a taɓa ta in rana ta faɗi. Ta rana ta masu rai ce, ba ta isa kunnen matattu. Ta yamma kuwa suna ji."

"Ai abin da nake so ke nan."

"Ba 'yarki kaɗai ke ciki ba." Ya nuna dogon ginin azuzuwa da haɓa. "Can ajinmu yake lokacin yaƙi, na kara da laka. Ranar da bom ya faɗo, zazzaɓi ne ya hana ni zuwa. Su ma ba a buga musu ta tashi ba. Koma gida, 'yata."

Ya tashi ya tafi rufe ƙofar baya.

Gangar na rataye a ƙarƙashin matakala, ta fi tukunyar biki girma. Sandar na gefenta. Na ɗauka. Na san kiɗan, shekaru ina jin sa daga bakin ƙofa: a hankali, a hankali, sannan da sauri, sannan a dire.

Na buga.

Gyare ya yi tsit.

Sai na ji ƙarar benci ana ja da baya. Ɗaya. Wani. Sannan da yawa, a azuzuwan da na ga kwaɗo a ƙofofinsu.

Warin kananzir ya taso, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wani ƙauri kamar na gashi a wuta.

Na ɗaga rigar da hannu biyu. "Lua," na ce, "taho gida."

Takalma suka fara sauka daga matakala. Takalman taya, irin na dā, faƙat, faƙat.

Suka fito cikin duhun baranda. Maza da mata, sirara, kowa da malafar karan shinkafa mai kauri, irin wadda ake sa wa 'yan makaranta don ɓaraguzan bom. Ban ga fuska ko ɗaya ba. Malafun kawai na gani suna juyowa wajena.

"Mama," wata murya ta raɗa.

"Mama, ni kika zo ɗauka?"

"Mama."

Hannu ya kama gefen rigar. Sanyinsa ya bi zaren ya shiga yatsuna. Wani ya kama hannun rigar. Wani ya kama wuyan hannuna.

Na rungume ta a ƙirji. Suka ja. Na ji ɗinki yana ɓarkewa.

Ƙafafuna suka fara bin su zuwa matakala.

Sai na ɗaga kai.

Lua na tsaye a ƙofar ajinta, a sama. Ta riƙe ƙofar a buɗe da kafaɗa, yadda take yi kullum, suna wucewa ta gabanta ɗaya bayan ɗaya. Bayanta akwai saura, cike da ajin.

"Lua, sauko. Don Allah sauko. Gobe ne kwanakin za su cika."

Ta dube ni. Muryarta ta zo kamar daga cikin rijiya.

"Mama, ni ce monita. Sai kowa ya fita."

Wani abu ya watso a kan siminti, sharr. Shinkafa da gishiri, abincin masu yawo. Hannuwan suka sake ni, malafun suka duƙa ƙasa. Baba Khoan, wanda ya watso su, ya fizgi kafaɗata.

"Kada ki waiwaya," ya raɗa. "Gudu."

Ban san yadda muka kai titi ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe, ina riƙe da rigar, an cizge mata hannu ɗaya, shi kuma yana kuka yana kiran sunayen da ban taɓa ji ba.

Kwanakin sun cika, turaren bai ci ba. Tsohuwar ta ce na makara. Ban yarda ba. Mai yawo da yunwa ba ta tsayawa riƙe wa wasu ƙofa.

Yanzu duk yamma Baba Khoan ne ke buga gangar da kansa, ni kuma ina bayan ƙofar makarantar da shinkafa da gishiri da yagaggiyar rigar. Wuyan hannuna bai ƙara yin ɗumi ba. Amma takalman suna raguwa. Jiya ya ce ya gane tafiyar abokin zamansa na benci ta wuce mu ta bi hanyar kogi, inda gidansu yake a dā.

Baba ya tsufa, da ƙyar yake ɗaga sandar. Ku taya ni roƙon Mai Sama ya ara masa kwana har na ƙarshensu ya fita, 'yata ta ja ƙofar nan, ta sauko ta biyo ni gida.