Nauyin Ayaba

Ku zo ku zauna, 'ya'yana. Ku ma kun haifa yanzu. Ku ji wannan, ku kai wa naku.

A garin Hanga Roa, can a wani tsibiri mai nisa, akwai wani yaro mai gudun tsiya. Da bikin makarantarsu ya zo, aka sa shi a tseren ayaba. Kowane yaro zai rataya nonon ayaba biyu a sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya zagaye fili. Duk makin da ya samu na yayarsa Vaihere ne, wadda ke takarar sarauniyar bikin.

Yaro ya ɗaga kayan, ya ji nauyi. Sai ya lallaɓa bayan katanga. Ya ciccire ayaba daga ciki, ya miƙa wa wata goɗiya da ke kiwo.

Aka yi tsere, ya zo na ɗaya. Yana cikin tsalle, alƙalin tseren, Malam Hotu, ya ɗora kayansa a sikeli. Ya dubi sikeli, ya dubi yaro.

"Anulado," in ji Malam. An soke ke nan, ba maki ko ɗaya.

Vaihere ta koma baya a takara. Labarin goɗiya ya bazu, 'yan ajinsu suka sa masa suna Uban Dawaki. Ya tafi gida kansa a ƙasa.

Kakarsa tana fere dankali. Ba ta ko ɗago ba.

"Ina ayabar ta tafi?"

"Goɗiya ce ta cinye, Kaka."

"Da hannunta ta cire?"



Ta ce ba ta goyi maƙaryaci ba, ba kuma za ta fara da tsufa ba. Ta tasa shi gaba har wurin Malam Hotu. Da bakinsa ya faɗi abin da ya yi, ya ba Vaihere haƙuri. Malam ya ce akwai tseren rufe biki, amma za a auna kayansa a gaban kowa.

Tun daga ranar, kullum da safe shi ke ɗauko wa Kaka ayaba daga gona. In ya ce kafaɗa na ciwo, sai ta ce ai yana da wata.

Ranar rufe biki aka auna kayansa, suka cika. Aka busa usur. Sanda tana cin kafaɗarsa, yara suna wuce shi. Ya cije, ya riƙa kamo su ɗaya bayan ɗaya. Ya zo na biyu.

Makin nan ya isa. Aka ɗora wa Vaihere kambin furanni, 'yan aji suka ɗaga yaro sama da kayansa duka.

Ya gane cewa nasarar ha'inci sokewa ake yi, ta gumi kuwa ba mai taɓa ta.

Har yau suna musu. Vaihere ta ce rawarta ce ta kawo kambin, shi ya ce kafaɗarsa ce. Ni na gaji da su. Ku raba musu gardama.