Minti Biyar a Cikin Iska

Ranar da Auta ta fara shiga ɗakin gwaje-gwajen, ta tarar da wani dogon saurayi durƙushe gaban firiza yana jera kwalabe, agogon awon lokaci rataye a wuyansa. Shi ne ma'aikacin da ke kula da kayan ɗakin, kuma saboda ratayen nan kowa Agogo yake ce masa.

"Ke ce sabuwar ɗalibar digiri na uku?" ya tambaya, ya miƙo mata wata kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. "Ga antibodinki. Ba ta son zafi, ba ta son a yi ta narkar da ita."

"Ashe tana da tsirfa," in ji Auta.

"Da alama ba ta kai mai ita ba."

Dariyar da ta yi ce ta tafi da shi, tun daga ranar bai sake mallakar kansa ba.

Aikin Auta shi ne renon ƙwayoyin halitta a faranti, cikin wani akwati da aka rage wa iskar oksijin. Idan ƙwayoyin suka ji iska ta yi musu ƙaranci sai su tara wani furotin don su kare kansu, antibodin ce kuma ke kamo shi ya fito a baƙin layi kan fim irin na hoton asibiti. Layin nan kaɗai take nema. Ba haka kawai ta zaɓi aikin ba: ciwon huhu ya kwantar da Babanta, shekara biyu ke nan da silindar oksijin yake numfashi.

Kafin wata uku, saƙonnin Agogo sun zame mata abin karin kumallo.

"'Yar Tsirfa, na cika miki bokiti da ƙanƙara, na rage miki rabin shayina. Ki taho kafin wannan ta narke, wancan ya huce."

Da ta kai wa Baba maganarsa, sai da ya ja numfashi sau uku kafin ya amsa.

"Na yi wa mahaifiyarki alkawari kafin ta rasu, babu zancen aure sai kin kammala. In ma auren ne, ga Dakta na sashenku yana ta zarya. Me za ki yi da mai wanke kwalabe?"

Wata bakwai fim yana fitowa fari fat, Baba kuwa kullum ƙara zubewa yake yi. Dakta, wanda bai iya ganin ɓaraka ya wuce ba, ya ce mata antibodin ce ta lalace, ta tambayi mai riƙe da makullin firiza. Gajiya da tsoro suka rufe mata ido, ta tare Agogo a gaban mutane.

"Kai ka bar ta a waje? Ka san kwanakin Baba nake ƙirgawa, shi ne za ka yi mini haka?"

Ya miƙa mata makullin ya fita. Mako biyu ko gaisuwa ba ta haɗa su ba, sannan saƙonsa ya shigo.

"Na gwada antibodinki, lafiyarta ƙalau. Kwana uku ina danna agogo in kin fito da faranti. Furotin ɗin nan minti biyar yake yi cikin iska ya ɓace, ke kuwa kina kai minti tara, saboda kina tsayawa amsa waya. Na rasa yadda zan faɗa miki ba tare da na sa ki kuka ba."

Kukan kuwa ta yi shi. Ta san zancen minti biyar a takarda, ba ta dai taɓa jin wucewarsu ba. Ƙarfe huɗu take fitar da faranti, ƙarfe huɗu Baba ke farkawa ya kira ta, kuma ba ta taɓa barin kiransa ya katse ba don tsoron kada ya zama na ƙarshe.

"Ka yafe mini," ta ce masa washegari, ta kasa ɗaga ido.

"Kawo wayar, ke ki ji da farantin."

Ya jawo ƙanƙarar kusa da akwatin, don ta ɗora farantin a kai nan take, sanyi ya hana furotin ɗin ɓacewa. Da kiran ya shigo, shi ya ɗauka.

"Baba, ina wuni? Mai wanke kwalaben ne. Hannunta na kan aiki, yanzu za ta kira ka."

"To kai ka taya ni hira kafin nan."

Hirar ta zama ta kullum. In numfashi ya yanke wa Baba a tsakiyar magana, Agogo ba ya ƙarasa masa, jira yake yi har ya dawo. Baba ya daɗe bai samu mai yi masa wannan haƙurin ba.

A gwaji na huɗu layin ya fito, baƙi wuluk. Auta ta kai wa Baba fim ɗin, ya ɗaga shi saitin taga.

"Saura nawa ki gama?"

"Shekara guda, Baba."

"Ba ni da shekara, Auta. Kira mini yaron."

Agogo ya zo ya durƙusa gefen gado. Baba ya kama hannunsa.

"Alkawarin da na yi wa uwarta ya fi ƙarfina yanzu. Za ka karɓe shi, ka tsaya mata har ta gama?"

"Na karɓa, Baba."

A falon gidan aka ɗaura auren, kwana goma sha ɗaya kafin rasuwar Baba. Mutanen ba su fi ashirin ba, amarya kuma ta fi kowa hawaye. Da aka shigo da su gabansa, Baba ya zare robar oksijin daga hancinsa da kansa, duk da Yayar Auta tana hana shi.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya haɗa kanku, ya ba ku zaman lafiya, ya..."

Numfashin bai kai ba. Ango ya matso a hankali ya mayar masa da robar, mutanen ɗakin suka amsa da amin.