Layi Biyu, Lamba Ɗaya

Ranar da ya fara shiga ɗakin gwajin jini na asibitin, da jakar kwamfuta a kafaɗa, ya tarar da mai rajista tana hararar allo.

"Malam mai gyara, duba min. Mutum ɗaya, layi uku. Haihuwa suke yi a ciki?"

Ya yi dariya ya ja kujera. Kafin a tashi aiki ya kafa wa rumbun bayanan ƙa'idar tacewa: duk layukan da suka zo da lambar waya ɗaya, a ɗauke su mutum guda, a nuna sakamakon ƙarshe. Maimaici ya ɓace. Shi kam kullum sai ya dawo, wai duba na'ura.

Cikin wata shida ta zama "Sanyin idona", shi kuma "Injiniyana".

Tun farko ta gaya masa ita AS ce, tana ɗauke da ƙwayar sikila a jini. Ya rantse mata shi AA ne, a nan ma aka taɓa gwada shi. Da mahaifinta ya nemi takarda, da hannunta ta danna lambarsa. Allo ya nuna AS.

Tsohon, wanda sikila ta raba shi da 'ya'ya biyu, ya ce, "Ba da yawuna ba."

Wani mai ba da magani a asibitin, da ya daɗe yana binta, ya leƙo ta taga. "Ai na faɗa miki, daɗin baki ba shaida ba ne."

Ta tura wa Injiniyan nata saƙo: "Ba jinin ne ya ƙona ni ba, rantsuwar ce. Ka kalli tsabar idona ka yi min ƙarya. Kada ka ƙara kirana."

Ya mayar: "Allo kika gaskata, ni kika ƙaryata? Na gode."

Sati uku ba wanda ya nemi wani. Rannan yana cin abinci da yayansa, sai yayan ya ce, "Af, watannin baya na yi gwaji a asibitin mutuniyarka. Wayata ta lalace, sai na ba su lambarka."

Injiniyan ya ajiye cokali ya nufi asibitin.

A gabanta ya cire tacewar. Layi biyu suka fito, nasa AA, na yayan AS.

Ba ta yi murmushi ba. "Ashe da hannunka ka cuce mu. Mata nawa ke ba da lambar miji? Yara nawa da ta uwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya mayar da tacewar kan lambar kati, suka bi tsofaffin layuka ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sha ɗaya aka ba sakamakon wani. Ta sa shi ya kira kowannensu ya ba da haƙuri, tana tsaye a kansa.

Bayan na ƙarshe ta ce, "Saura ni, Injiniyana."

"Ke fa? Wa zai ba ni nawa haƙurin?"

"Sai mu yi musaya."

Mahaifinta ya kai shi wani asibitin da kansa, ya tsaya har aka zare allura, ya karɓi takardar da hannunsa.

Ranar aure tsohon ya riƙe hannun ango, ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su tsufa."