Sif Ɗin Aro

Lalle bai gama bushewa a hannun Baiwa ba wayarta ta yi ƙara. Jibi ne ɗaurin aurenta. Tana zaune a ɗakin Innarta a Birnin Kebbi, gwaggonninta kuma tun da hantsi suka tafi Argungu yi mata jere a gidan da Nu'uman ya kama haya. Da bayan yatsa ta danna wayar.

"Amaryata, an samu 'yar matsala," in ji Nu'uman yana dariya. "Sif ɗin nan naki ya fi ɗakina tsawo, silin ya hana shi miƙewa."

Kafin ta buɗe baki ya ci gaba.

"Kada ki damu. Yaya Rauda ta kira kafinta, zai rage kansa kaɗan. Ga shi nan da zarto. Gwaggonki ce tac ce sai an tambaye ki."

Sif ɗin ba nata ba ne. Na Hamida ne, 'yar ƙanwar Inna, wadda aka aurar bara. Ruwa ya cinye shinkafar Baba a fadamar Ambursa, abin da ya rage bai wuce na gado da katifa da kwanuka ba. Shi ya sa Inna ta aro sif da kujeru da kafet, a kan idan 'yan ganin ɗaki sun ɗauke ƙafa a kwashe su a hankali, a ce an kai gyara.

Rauda kuwa, yayar Nu'uman, da ita aka yi jeren Hamida, ta san furen da ke jikin madubin nan. Kuma tun farko ƙawarta ta so ya aura.

Muryar Rauda ta taso a wayar daga can bayansa.

"Mi ake jira? Ba kayanta ba ne? Ta ce a yanke mana."

Baiwa ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zaninta.

In ta ce a yanke, auren Hamida ne zai girgiza, don ba da sanin mijinta aka fito da kayan ba. In ta faɗi gaskiya, Inna ce za ta shiga bakin matan Argungu.

"Yaya Nu'uman... ka fita waje, ina da magana."

Ta ji takunsa, hayaniyar ta yi nisa.

"Ina jin ki."

"Sif ɗin na aro ne."

Ta rufe ido ta ci gaba.

"Da kujerun... da kafet."

"Mi ne naki a ciki?"

"Gado. Da kwanuka." Hawaye ya gangaro mata, ba halin sharewa saboda lalle. "Da labule."

"Baiwa, wata nawa ina zaman tabarma a ƙofar gidanku? Na taɓa tambayarki kujera?"

"A'a."

"To da in dawo daga kasuwa wata rana in tarar ɗaki wayam, ki ce mini an kai gyara?"

Ya kashe wayar.

Sai bayan la'asar gwaggonta ta dawo, da sif ɗin kwance a bayan mota. Ta ce Nu'uman ya shigo ya sallami kafinta da kansa. Ya ce a gaban kowa ɗakinsa ne ya gaza, ba za a lalata kaya mai kyau don gidan haya ba. Rauda ta buɗe baki, ya ce mata ya gama magana.

Inna ta daɗe tana sa masa albarka. Amma bai kira Baiwa ba, ranar nan da washegari.

Aka ɗaura aure, aka kai amarya. 'Yan ganin ɗaki suka yi ta zuwa, suna zama a kan kujerun Hamida suna yabawa. Nu'uman bai rage ta da komai ba, sai dai ko sau ɗaya bai zauna a kujerun ba. A bakin gado yake cin abinci. Ita kuma kunya ta hana ta tayar da zancen.

Ranar da motar kwasar kaya ta zo, Baiwa ta so a ce Nu'uman yana kasuwar albasa. Sai ga shi ya dawo. Ya naɗe hannun riga, ya kama kujera shi da direba. Suna tsaka da naɗe kafet Rauda ta yi sallama.

"Ikon Allah. Gyara za a kai su?"

Nu'uman ya ɗago zai yi magana, Baiwa ta riga shi.

"A'a, Yaya. Na 'yar'uwata ne, ta ara mini. Yau za su koma."

Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa mata. Rauda ta tsaya tana dubanta, kamar wadda ta zo da guzurin faɗa ta rasa inda za ta sauke. Ta zauna ɗofane, ta sha ruwa, ta ce sauri take yi.

Da motar ta tashi, falon ya yi faɗi, har murya na amsawa. Nu'uman ya zauna a tabarmar ya miƙe ƙafa, ya yi ajiyar zuciya.

"Yau na shigo gidana."

"Ka yafe mini?"

"Tun da kinka ba Yaya amsa." Ya matsa mata wuri. "Zo nan, Baiwata. In albasa ta yi kuɗi, da mi za mu fara?"

Ta zauna kusa da shi, ta dubi bangon da babu komai, ta daɗe tana tunani.

"Kujera guda... don Inna in ta zo. Gwiwarta ba ta son zaman ƙasa."

"Guda kawai?"

"Guda. Amma tamu."